Ƙannena, ra'ayi a kan littafi ma shaida ce

Assalamu alaikum ƙannena, 'yan mata da samari, musamman ku da salula ba ta barin hannunku sai barci ya ƙwace ta.

Abin da ya tayar da maganar nan ƙarami ne, amma ya kwana ya wuni yana cina. Ina da shagon ɗinki a unguwar Zariya a nan Maradi, kuma cikin yaran da ke koyon aiki a wurina akwai 'yar yayata. A watan jiya na lura kullum bayan azahar, in an ɗauke wuta aiki ya tsaya, sai su haɗa kai su huɗu a kan salula ɗaya suna ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki. Na ce su miƙo in gani. Ashe littafi ne na soyayya mai barkwanci, wata yarinya 'yar nan garin ke rubuta shi, tana sakin shafi ɗaya ko biyu kullum a wani zauren WhatsApp. Labarin ɗan kabu-kabu ne da taubashiyarsa mai tuyar awara. Ba sa haɗuwa sai sun yi cacar baki, ga kakarsu ta rantse sai ta ga aurensu kafin ta mutu. Shi yana ta turo saƙon soyayya yana zaton lambar wata ce da ya ɗauko daga kasuwa ranar Juma'a, ita kuwa tun daren farko ta gane shi ne, ta yi gum, tana ja masa rai, tana sa shi sayo kilishi ya ajiye mata wurin mai shago. Iyakar labarin ke nan. Babu boka, babu kishiya, babu attajiri mai jirgin sama. Na karance shafi 30 a dare biyu, na yi dariyar da na daɗe ban yi irinta ba, har maigida ya leƙo ya ce lafiya dai ko.

Sai yarinyar mai rubutun ta yi shiru. Kwana uku, mako guda, mako biyu. Da na tambayi dalili, 'yar yayata ba ta ce komai ba, sai ta buɗe mini abin da masu karatu suka rubuta mata.

Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce littafin banza ne, ɓata tarbiyya kawai. Wata ta ce daga ganin rubutun marubuciyar 'yar iska ce, abin da take aikatawa ne take ba da labari. Wani kuma ya yi doguwar fatawa a kan wuta da azabarta, sannan a ƙasa ya rufe da cewa shi dai Allah ya tsare shi da karanta irin wannan shirme. To Malam, in ba ka karanta ba, a kan me ka yanke hukunci? Wannan shi ya fi tsaya mini a rai, domin da bakinsa ya faɗa cewa bai gani ba, kuma ya ba da shaida.

Ku dubi abin da idon basira. In aka kira ka gaban alƙali aka ce me ka gani, ka ce ban gani ba amma na tabbata ta aikata, sunan wannan shaidar zur. Don an yi ta a salula, da yatsa biyu, kana kishingiɗe kana jiran shayi na biyu, ba ta canza suna ba. Allah ya ce a cikin Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, domin ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. A Suratul Hujurati kuma aka hana mu yi wa juna izgili, aka hana jifa da miyagun laƙabi, aka hana yawan zato. Babu inda aka ce ban da marubuta. Ita wadda ta kira ta 'yar iska, da a zauren gidansu yarinyar za ta faɗa, gaban mahaifinta, da ta san ta taro match, kai, da ta san ta jawo wa kanta magana har gaban mai unguwa. Amma da yake ba ta ganin fuskarta, sai ta manta akwai mutum a can ɗaya gefen, mai uwa da uba, mai saurayin da wataƙila yana cikin zauren yana karantawa.

Ni na girmi yawancinku, kuma wannan rigimar ta girme ku duka. Lokacin da muke 'yan mata, littattafan Kano ta Katsina suke biyowa, su ratsa Jibiya da Ɗan Isa su iso mana, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba daga Katsina. Haya muke karɓa a kwana, mu ɓoye cikin littafin lakwal, in mushe, wato malamin aji, ya kama ki kin shiga uku. Tun shekarun 1980 da aka fara su ake zaginsu, har aka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano don a nuna ba su da daraja. A 2007 ma a Kano an tara waɗanda aka karɓe daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Sun ƙare? Takardar ce ta ja baya, labarin ya koma cikin salula, ya koma Wattpad da Facebook, ya koma murya a YouTube inda ake karanta wa mai girki da mai wanki. Zagi bai kashe su ba a shekara arba'in. Abin da na ga zagi yana kashewa shi ne masu kunya daga cikin marubutan. Mai rubuta batsa ba ta jin zagi, talla ce ma a wurinta. Wadda ke ajiye alƙalami ita ce irin wannan yarinyar, mai gudun abin da za a ce da gidansu. Kun ga ke nan da bakinku kuke korar na kirki kuna bar wa na banza fili.

Sai kuma masu cewa babu darasi a ciki. Waɗannan sun karanta, na ba su wannan, amma sun je wurin mai waina suna neman tuwo. Littafin nan bai ce shi wa'azi ne ba. Tun shafin farko ta ce nishaɗi ne. In za ka auna shi, tambayar ita ce: ya sa ka dariya ko bai sa ba? Dariyar mai tsabta ce ko sai da aka tozarta wani? Mutanen da ke ciki sun yi kama da mutane ko gumaka ne? Wannan shi ne mudun da ya dace da shi. Ba a auna hatsi da ma'aunin yadi.

Kuma wa ya ce muku dariya ba ta da asali a wurinmu? Ƙagaggun labarai na farko da aka buga da Hausar boko sun fito ne daga gasar da aka shirya a 1933, kuma wanda ya fi shahara cikinsu, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tun daga farko har ƙarshe barkwanci ne da ramuwar gayya tsakanin mutum biyu. Yau a jami'a ake nazarinsa. Mu nan Nijar kuwa wasan taubasai da wasan ƙabilu gadonmu ne, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, ɗan mace da ɗan namiji, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014 da sunan ƙasarmu. Yarinyar nan daga wannan rijiyar ta ɗebo. Wanda ya taso a Maradi ko Tibiri bai buƙatar a fassara masa dalilin da ya sa taubashiya za ta ci kilishin taubashinta wata guda ba tare da ta ji ta yi laifi ba.

In kuma ta fuskar addini kuke jin tsoro, to mu je can ɗin da ladabi. Allah da kansa ya ce a Suratun Najmi shi ne ya sa dariya, ya sa kuka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raha da sahabbansa amma ba ya faɗin sai gaskiya. Ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya ya rama. Kuma ku nemi hadisin Ummu Zar'in a Buhari da Muslim ku karanta: mata goma sha ɗaya suka zauna kowace tana siffanta mijinta, wata ta yaba, wata ta kushe da maganar da dole ka murmusa, Nana A'isha tana ba shi labarin yana saurare har ta kai ƙarshe, sannan ya ce mata shi a wurinta kamar Abu Zar'in ne a wurin Ummu Zar'in. Babban malamin Andalus, Ibn Hazm, wanda ya rasu a 1064, littafi sukutum ya rubuta a kan so da alamominsa. Ni ba malama ba ce, tela ce, kuma hukuncin halal da haram na masu shi ne. Abin da nake cewa kawai, kalmar so da sautin dariya ba su isa hujjar jefa mutum wuta ba. Sai an duba me aka faɗa, kuma yaya aka faɗe shi.

Kada masu yabo su ɗauka na manta da su. Wallahi ku ma kuna da naku kason. Shafi ya fito ƙarfe tara, tara da minti ɗaya an cika wuri da "Allah ƙara basira Anti", "ba a taɓa yin irinsa ba", "a ci gaba don Allah". Yaushe kika karanta? Shafin da ni ya ɗauke ni minti goma? Wannan ba yabo ba ne, kuɗin shiga ne, don an ce wadda ba ta yin magana za a fitar da ita daga zauren. Yabon da ba ya iya nuna wurin da ya burge shi bai ƙara wa marubuci komai, sai dai ya kumbura masa kai. Na ga littattafan da suka fara da kyau, yabon ƙarya ya sa aka ja su kamar roba har shafi ɗari da hamsin, a kashe wannan a tayar da wancan, a kawo hatsarin mota a kawo mantuwa, labarin da ya kamata ya ƙare tun a shafi arba'in. Da mutum ɗaya ya ce Anti, labarin ya nuna, a sauke shi, da an huta.

Akwai wani abu da ya ba ni haushi na daban, shi kuma daga 'yan gida ya fito. Wai Hausarta ta ƙauye ce. Don ta sa kaka tana cewa "lahiya lau", ta sa ɗan kabu-kabu yana cewa "shina tahe", ta rubuta jika da dala maimakon naira. To da wace Hausa kuke so tsohuwar Mokoyo ta yi magana? Da ta gidan rediyon Kano? Ai daɗin littafin ke nan. Shekara nawa muna karanta labaran da suke faruwa a Nasarawa da Zoo Road, wuraren da wasunmu ba su taɓa takawa ba, yau an samu wadda ta kawo mana Bagalam da Ali Ɗan Sofo da bakin gulbi, mu ne kuma za mu fara yi mata dariyar baki? Ku tuna mu a nan da Faransanci aka koya mana karatu. Da yawa cikinmu, har da ni, ba a aji muka iya karanta Hausa ba, a cikin waɗannan littattafan da ake rainawa muka iya. Yanzu da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, wa zai cika mana shi da abin karantawa in ba irin waɗannan yaran ba? Wanda ya ga kuskuren rubutu, ta haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ta bar ƙugiya a ƙ da ɗ, ya gyara mata, wannan taimako ne. Amma karin harshen garinku ba kuskure ba ne.

Samari, ku matso, ban ƙyale ku ba. Na san da yawanku kuna karantawa. Ƙanena da bakinsa yake cewa littafin mata ne, aikin marasa aikin yi, amma ranar da salularsa ta lalace ya ari tawa, da ya maido na tarar shafi na 24 a buɗe. A fada ku kushe, cikin ɗaki ku ja bargo ku karanta. Ba laifi ba ne namiji ya ji daɗin labari. Laifin shi ne ka ji daɗinsa a ɓoye ka zage shi a fili don kada abokai su ce ka yi laushi.

To yanzu kada wani ya ce na ce duk littafin soyayya alheri ne. A'a. Akwai waɗanda ko a hannun matar aure ba na son ganinsu, balle 'yar shekara goma sha huɗu. Akwai masu neman dariya ta hanyar kwaikwayon mai in'ina, ko gurgu, ko baƙar fata, ko wata ƙabila. Akwai masu nuna namiji mai mari da tsawa da kulle mace a ɗaki a matsayin gwarzo, wai kishi ne, wai so ne, yarinya ta taso tana zaton wanda bai wulaƙanta ta ba bai damu da ita ba. Wannan ya fi batsa ɓarna a ganina, don ita batsa kowa ya san sunanta. Akwai kuma masu sa yarinya ta raina ɗan maƙwabcinsu mai gyaran babur don ba shi da gidan sama. Duk waɗannan a faɗe su, kuma a faɗa da ƙarfi. Amma a faɗa da hujja: shafi kaza, wurin da wane ya ce kaza, ga abin da na gani a ciki, ga dalilina. Sukar da ke da shafi ita marubuci ke jin tsoro, ita kuma yake amfana da ita. In kuma abin ya shafi mutuncinta ne, lambarta na nan a saman kowane shafi, a bi ta gefe. Akwai baitin da ake danganta wa Imamu Shafi'i da ke cewa nasiha a cikin taro wani nau'i ne na tozartawa. Wadda kika kunyata gaban mutum ɗari biyar ba gyaranki za ta ji ba, hanyar ramawa za ta nema.

Shi kansa wannan littafin da nake karewa ba tsarkakakke ba ne. Akwai wurin da aka yi wa wata mai aikin gida dariya saboda ba ta iya kunna murhun gas ba, ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, don ni ma ranar da na fara ganinsa baya na ja. Kuma kakar, duk da ita ce gishirin labarin, wani lokaci bakinta kan wuce gona da iri a gaban jikoki.

Wata magana a gurguje, tunda ta shigo. Wasu marubutan kuɗi suke sa wa littafinsu, dala ɗari ko jika guda, a tura ta kati ko ta Nita, kamfanin aika kuɗi. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe ya watsa wa zaure biyar, har ana yi masa Allah saka da alheri. Wane alheri? Yarinya ta ƙona idonta da dare, ta sayi data da kuɗin da ta tara, ke kin mayar da guminta sadakarki. Sannan mafi yawan masu zafin baki a kan littafin, in kin bincika, cikin masu karatun sata suke. A ci naka a kyauta a kuma ce ba gishiri.

Sai ku kanku masu karatu, ku dubi agogo. 'Yar yayata tana da jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, a gabanta, kuma na gaya mata a gaban ƙawayenta, ba don in kunyata ta ba sai don duk jirgi ɗaya ya kwaso su, cewa littafi ba ya guduwa amma watan Yuni yana tahowa. Wadda ta kai ƙarfe biyu na dare tana jiran shafi, ta makara sallar asuba, ta yi gyangyaɗi a aji, kada gobe ta ce marubuciya ce ta cuce ta. Laifi tudu ne. Kuma ke amarya, kada ki ajiye salula ki juyo ki dubi mijinki da ya dawo daga kasuwa da ƙura har gira ki ce me ya sa shi ba ya magana irin ta littafi. Na littafin an zauna an tsara masa maganarsa ne, an goge an sake har sau biyar. Naki daga rana ya fito, ba shi ruwa tukuna.

Daren da na gama karanta waɗancan maganganu na masu zagin na karɓi lambar yarinyar. Ban san ta ba, ban san gidansu ba, ban kuma tambaya ba. Na rubuta mata cewa ni uwa ce a wurinta, na karanta shafi 30 ɗin duka. Na ce wurin da kaka ta ɓoye makullin babur cikin tukunyar fura ya sa na ƙware da ruwa. Na ce shafi na 17, maganar mai aikin nan, ta sake dubawa, don dariyar ta faɗa kan wadda ba ta da mai rama mata. Na ce kuma kada ta ja labarin, kilishin ya isa haka, lokaci ya yi da asiri zai tonu.

Sai da ta kwana biyu ta amsa. Ta ce Mama na gode, shafi na 17 na cire wurin. Ta ce amma maganar kilishi ki yi haƙuri, saura sau ɗaya, don a ranar ne mai shagon zai yi suɓutar baki.

Jiya bayan azahar aka sake ɗauke wuta. Ina cikin warware wata kalmasa da aka yi mini a karkace sai na ji sun fashe da dariya a bayan labule. Na ce wadda ke riƙe da salular ta ɗaga murya, ta kuma faro daga farko.